Hirar Fada a Ƙasar Arewa: Masu Kallo, Masu Wasa da Masu Ƙira

Duk wanda ya ratsa Dogondutsi bayan sallar isha'i, ko ya yada zango a Kore Mairuwa bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni, ba zai rasa ganinsu ba: samari shida ko goma bisa benci ko tabarma, ga ɗan murhun waya da gawayi, ga butar shayi tana tafasa, ga wayar salula tana yawo daga hannu zuwa hannu. Wannan ita ce fada. Dattawa sun daɗe da yanke mata hukunci da kalmomi uku, wato zaman kashe wando, kuma malaman makaranta da yawa sun sa hannu a wannan hukunci ba tare da sun taɓa tsayawa sun saurari abin da ake faɗi a wurin ba.

Fada a wannan siga ba tsohuwar aba ba ce. Ta bazu ne a garuruwan Nijar a shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da samariya ta zamanin Seyni Kountché ta watse, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, aka kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994. Ɗan lakwal ya fito da takardar shaida, ya iske ƙofar aiki a rufe, aure kuma ya yi masa nisa. Sai ya aro sunan fadar sarki ya laƙaba wa bencin ƙofar gidansu. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogondutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta wallafa littafi sukutum a kan wannan al'amari a 2019 mai suna Fada: Boredom and Belonging in Niger. A ciki ta bi diddigin dafa shayi, da rubuce-rubucen da samari ke yi a bango, da waƙoƙin zamani, da sutura, da gadin unguwa cikin dare, da yadda ƴan siyasa ke zawarcin fada in zaɓe ya gabato. Ta nuna cewa zaman ba na banza ba ne: hanya ce ta mayar da jiran da ba shi da ranar ƙarewa ya zama lokaci mai tsari da mutunci.

Littafi ne na ƙwarai, kuma abin takaici ne a ce da Ingilishi kawai yake, harshen da mafi yawan waɗanda aka rubuta shi a kansu ba su karantawa. Amma tambayar mai nazarin al'umma daban, ta malamin harshe daban. Ita marubuciyar abin da ya dame ta shi ne amfanin da hira ke yi wa masu yin ta. Shi kuwa malami dole ya tambaya: ita kanta hirar, in an ɗora ta a ma'auni, nawa take ci? Domin kuwa, in aka cire zancen ƴanmata da na siyasa, abin da ya rage a bakin ƴan fada sharhi ne tsantsa. Ana sharhin fim, ana sharhin wasa, kuma a ƴan shekarun nan, a wasu fadodin da ke da ɗalibai ko masu gyaran waya, an fara sharhin abin da wani ya gwada haɗawa da kwamfuta. A ƙasar da ba ta da jaridar sharhin fina-finai da Hausa, ba ta kuma da gidan sinima a mafi yawan garuruwanta, fada ce kaɗai majalisar da ke yanke wa waɗannan ayyuka hukunci kullum dare.

A fara da fim, tunda shi ne ya fi cin lokaci. Arawa sun yi kallon fina-finan Indiya da na ƴan kareti a rumfunan bidiyo kafin kaset ɗin Kano su iso. Turmin Danya ya fito a 1990, Sangaya a 1999, Wasila a 2000, kuma nan take aka ba su duka suna guda a Nijar, wato dandalin soyayya. Daga baya aka shiga zamanin fassarar Indiya-Hausa, da tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014, da fina-finai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya ko a loda a katin memwar a kasuwa. Wanda ya shekara ashirin yana wannan kallo ya tara ilimi, ko da bai san ya tara ba. Ɗan fada zai iya gaya maka daga wane fim ɗin Indiya aka kwaso labarin wane fim ɗin Kano, kamar yadda kowa ya gane Taal a cikin Khusufi, aikin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi a rubuce shi kuma ya yi da ka. Yana gane maimaici. Yana gane lokacin da marubucin labari ya rasa mafita sai ya kashe mutum da haɗarin mota. Kuma yana da kalmomin hukunci nasa na kansa, gajeru masu kaifi: fim ya yi ma'ana, ko ƙarya ta yi yawa, ko an ja shi, ko bos ya mutu da arha.

Sai dai wannan sharhi yana da iyaka, kuma iyakar a fili take. Kusan dukkansa a kan halin mutanen cikin labari yake tsayawa. Ana iya kwashe zagayen shayi biyu ana gardama a kan ko matar ta kyauta da ta bar gidan mijinta, ba tare da wani ya ce uffan a kan inda aka ajiye kyamara, ko dalilin da ya sa aka yanke hoto a nan ba can ba, ko abin da kiɗa ya sa mai kallo ya ji kafin a furta kalma ɗaya. Ana shari'ar mutanen fim kamar maƙwabta ne. Hannun da ya ƙera abin ya ɓace. Shi ya sa ɗan wasan da ya saba fitowa a mugu yakan sha zagi a titi, shi kuwa wanda ya tsara fim ɗin ba a ko san sunansa ba.

Akwai fim guda da ya kamata a ce Arawa ne manyan alƙalansa a duniya, amma da wuya ka ji shi a bakin fada. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi tana ƙone garuruwa, ta auka wa Lugu, mazaunin Sarauniya Mangu, a cikin gundumar Dogondutsi ta yau. Abdoulaye Mamani ya gina littafinsa Sarraounia a kan wannan karo, aka buga shi a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin Fespaco na Wagadugu a 1987. To amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ƴar can ce ta fito a Sarauniya, kuma harshen da ke bakinta ba na Lugu ba ne. Bugu da ƙari, Mamani ya ba duniya jaruma mai kwari da baka wadda ke gaban mayaƙa, alhali abin da mutanen Lugu da Bagaji suka sani shi ne Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gado, mai riƙe da shi tana zaune a keɓe, ƙarfinta a tsafi da tsare ƙasa yake. Wannan ba aibi ba ne ga marubuci. Yana da damar ƙirƙira, kuma yana da dalilinsa na neman gwarzuwar da ƙasa sabuwar ƴanci za ta yi tutiya da ita. Amma a nan ne kalmar nan ta fada, ƙarya ta yi yawa, za ta gamu da jarrabawa ta gaske. Wace ƙarya ce ta halatta ga mai fasaha? Me aka samu, me aka rasa, da aka miƙa wa Sarauniya makami? Jikan wanda aka ƙone rumbun kakansa yana da abin faɗi a nan wanda babu wani masani a Faransa da zai faɗe shi. Ga shi kuwa yara suna haddace sunan a lakwal, suna jin sa a sunan rediyo da na makarantu, amma an bar su ba a nuna musu fim ɗin ba, balle a tambaye su ra'ayi.

Da zarar an ajiye fim an jawo wasa, sai hirar ta sake kama. Ba a maganar ƙwallon PlayStation, inda yawancin surutun kwaikwayon masu sharhin talabijin ne da kirarin Real Madrid da Barcelona, ko wasannin harbe-harbe na waya irin su Free Fire da kowa ke duƙufa a kan nasa allo. Lido da belot ma hayaniyarsu ta fi nazarinsu yawa. Dara ake nufi. Gurabu talatin a ƙasa, jeri biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da dutse ko kashin raƙumi. A zuba su ɗaya bayan ɗaya har gurabu shida kawai su rage, sannan a fara tafiya taki ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Wanda ya kafa doki, wato ya samu ɗa guda da ke kai da komowa yana rufe jeri a kowane taki, ya gama da mutum sai dai a yi ta kallo.

Abin lura shi ne yadda ƴan kallon dara ke magana. Ba mai tambayar ko tsinke yana da halin kirki. Cewa ake yi: tun a zubi na bakwai ka faɗi, da ka toshe can da dokinsa bai tashi ba. Ana komawa baya, ana warware wasan taki-taki, ana gwada abin da zai faru da an bi wata hanyar. Wato a nan hannun mai yi yana bayyane, kuma sharhin a kan yadda aka yi yake, ba a kan abin da ya faru kawai ba. Duk wannan da Hausa tsantsa ake yin sa, har harshen ya ɗauki wasu kalmomin ya kai su wani fage, kamar yadda ake cewa dara ta ci gida. Mutanen da ake ce wa ba su iya nazarin tsari ba, ga su suna yin sa a gindin bedi tun kafin a kawo allo da alli.

Ƙasar nan ta taɓa yin mutumin da ya haɗa waɗannan hanyoyi biyu. Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, makanike ne kafin ya zama mai shirya fim. Da kwali da fitila ya fara nuna wa mutane hotuna masu motsi, kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen jaruman fim, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu har abin ya kai ga zubar da jini. Ba a taɓa yi wa hirar samari masu shan fim sharhi mai zafin wannan ba, kuma an yi shi shekara ashirin da biyar kafin a san wata aba wai ita fada. Amma darasin Alassane bai tsaya ga gargaɗi ba. Shi ma ɗan kallo ne. Bambancinsa da kaboyin ƙauyen shi ne, su sun so su zama mutanen cikin fim, shi kuwa ya so ya san yadda akwatin ke aiki. Har a ƙarshen rayuwarsa a Tawa yana haɗa ƴan tsana da kwaɗi masu kokowa, yana kuma koyon zane da kwamfuta.

Jikokinsa a wannan hali su ne ƴan tsirarun da suka kawo zance na uku cikin fada. Ba su da yawa, kuma kada a zuzuta su. Akwai mai gyaran waya da ya gaji da sauya gilashi ya fara leƙa abin da ke cikin manhaja. Akwai ɗalibin lise da ya samu tsohuwar kwamfutar yayansa. Akwai wanda ya dawo hutu daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Doso da aka kafa a 2014, ya iya ɗan abin da ya iya na harshen Python, ko ya taɓa wasa da Scratch, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 2007 don koya wa yara tsara umarni. Abin da suke haɗawa ƙanana ne: lissafin adashi, jadawalin makin ɗalibai, ɗan wasan tambaya da amsa. Yawancinsu ba a gama su. Wuta ta ɗauke, kuɗin intanet ya ƙare, ko kwamfutar ta mutu da aikin a cikinta. Waɗanda suka ga watannin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba su bukatar a yi musu bayani.

Duk da haka hirarsu ta cancanci a kasa mata kunne, saboda ita ce hirar da ba a iya yin ta da ra'ayi kawai. A ɗauka wani daga cikinsu ya ce zai sa dara a waya. Tun daren farko zai gane cewa na'ura ba ta san "ai kowa ya sani" ba. Dole ya gaya mata cewa gurabu talatin ne, ya ba kowane lamba. Dole ya lissafa mata duk inda jeri uku zai iya faɗawa: a kwance, kowane layi mai gurabu shida yana da wuri huɗu, sau biyar, ashirin ke nan, a tsaye, kowane layi mai gurabu biyar yana da wuri uku, sau shida, goma sha takwas, jimla talatin da takwas, ba a lissafa na karkace domin dara ba ta san shi ba. Sannan tambayoyin da ba ya iya amsawa shi kaɗai su taso. In mutum ya jera uku tun lokacin zubi fa? An hana. In huɗu suka jeru? Ba ci. To in taki ɗaya ya rufe jeri biyu, ɗaya za a ɗauka ko biyu? Ana iya cire ɗan da ke cikin jerin da abokin karawa ya riga ya kafa? A nan fada za ta rabu, wanda ya koyi wasa a Matankari ya ce kaza, wanda ya koya a Tibiri ko Dumega ya ce ba haka ba. Ƙarshenta sai an tashi an je wurin tsofaffin da ke bugawa a bakin kasuwa, a durƙusa a ce: Baba, a warware mana. Yaron da aka ce waya ta raba shi da al'ada, ga shi waya ta kai shi gaban dattijo da tambayar da ba a taɓa yi wa dattijon ba.

Amma a daidai nan ne kuma Hausa ke zamewa daga bakinsu, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ya hana malamai barci. Zancen fim da Hausa ake yin sa. Zancen dara da Hausa ake yin sa. Da an zo kan yadda za a umarci na'ura, sai ka ji jimla ta fara da Hausa, ta ratsa Faransanci, ta ƙare da kalmar Ingilishi da mai faɗinta bai san asalinta ba. Sauran ƴan fada sai su yi shiru, ko su mayar da abin raha, su ce mushe ya fara wa'azi. Ilimin ya koma na mutum biyu, takwas sun zama ƴan kallo, irin kallon da suke yi wa fim. Ba wai aron kalma laifi ba ne. Harshen da ya haɗiye mota da lakwal da kwamfuta ba zai shaƙe da wasu goma ba. Matsalar ita ce tunanin da ke ƙarƙashin kalmomin Hausa tana da shi tuntuni, ba a dai nuna wa yaran ba. Sharaɗi, wato in kaza ya faru a yi kaza in ba haka ba a yi kaza, shi ne ginshiƙin kowace manhaja, kuma shi ne ginshiƙin kowace dokar dara. Maimaita aiki har sai wani abu ya cika, mai sakar tabarma ta san shi. Neman inda kuskure ya ɓuya ta hanyar komawa baya taki-taki, shi ne abin da ƴan kallon dara ke yi kowace yamma.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi murna, an yi gardama, musamman daga masu sauran harsunan da ke ganin an bar su a baya, kuma gardamar tana da hujja. Amma takardar doka ba ta ba harshe aikin da masu shi ba su ba shi ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, duk da haka har yau mafi yawan saƙonnin da ake aikawa ta waya ba su bambanta ƙ da k ko ɗ da d, ba don haruffan ba su cikin na'ura ba, sai don ba wanda ya nuna wa mai rubutu inda suke. Rabon da aka yi wa Hausa a aikace shi ne ta ɗauki kallo da raha da wa'azi, a bar wa wasu harsuna ƙira. Fada tana nuna wannan rabo ƙarara fiye da kowane rahoton ma'aikatar ilimi.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin zancen sam. Fada ta maza ce. Masquelier ma sai da ta keɓe babi don neman matan da ba a gani a cikinta. Ƴanmatan Arewa sun fi samari kallon fina-finan Kano, kuma sharhinsu a tsakar gida yake ƙarewa. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a aji ba ta da bencin da za ta zauna ta nuna abin da ta haɗa.

Ƙungiyoyin al'adu sukan yi saurin cewa a shirya taro, a kira masana, a raba takardun shaida. Wanda ya san fada ya san ranar da aka kawo mata tebur da lasifika da babban baƙo, ranar ta mutu, domin ƙarfinta yana cikin cewa ba mai ba da maki kuma kowa yana iya katse kowa. Abin da ke hannun malami ya fi wannan ƙanƙanta. Yana iya nemo Sarraounia da Le Retour d'un aventurier ya haska su a farfajiyar makaranta ko gidan matasa, maza da mata, ya tsayar da hoto a tsakiya ya tambaya da Hausa: me ya sa aka nuna mana wannan daga sama? Yana iya ba ƴan aji aikin rubuta dokokin dara da Hausa, dalla-dalla yadda baƙon da bai taɓa ganin wasan ba zai iya bugawa, kowa ya tambayo tsohon unguwarsu, a zo a gwama na Geceme da na Dankasari. Wannan darasin rubutu ne, kuma rabin aikin mai tsara manhaja ke nan ko da babu kwamfuta ko ɗaya a makarantar. Sauran rabin yaran za su kai shi fada da kansu da dare, inda ba a gayyaci mushe ba.